Ɗan'alin Yari

"To, motsa mu gani," in ji Ɗalha, ya jefar da karan ɗori na ƙarshe gefen tabarma.

Yari ya dubi hannayensa da aka kwance. Fatar ta yi fari tana saɓulewa, tana warin tsumma da man shanu. Kumburin da aka yi ɗaurin dominsa yana nan daram a gaɓɓan yatsu, sai ma naman tafin da ya zube. Yatsun sun jeru sun manne da juna, sun karkata wajen ɗan ƙaramin, hannun ya koma kamar marar kwasar tuwo.

"Na motsa," Yari ya ce.

"Ban gani ba."

"Ni ma ban gani ba, amma na motsa. Can ciki." Ya yi 'yar dariya. "Sarkin karare, ka kwantar da su sun ji daɗin kwana, ba su son tashi."

Ɗalha bai yi dariya ba. Ya kama hannun dama, ya gwada lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya bi shi. Yari ya cije leɓe, gumi ya tsatso masa a goshi.

"Kwana biyu za su saki," in ji Ɗalha. Abin da yake gaya wa kowa ke nan ranar kwance ɗori, kuma bai taɓa faɗinsa da tsoro ba sai yau.

Wanda duk ya san Aliero ya san ta da abu biyu, albasa da ɗori. Daga ƙasashen nesa ake ɗauko mai karaya a kwance, ya koma gida da ƙafarsa. Ɗalha a gidan ɗori aka haife shi, ya gaji abin daga ubansa, hannunsa kuwa yana da sa'a, har ya saba da yabo yadda wasu suka saba da goro. Yari kuma manomin albasa ne. Katanga ɗaya ta raba gidajensu, kaciyarsu ɗaya, kuma tun suna yara ba su iya zama wuri guda ba tare da sun tsokani juna ba.

Ciwon ya soma ne da sanyin bara, lokacin dashe. Mai dashen albasa da yatsa ɗaya yake aiki, ɗan'ali, wato yatsan nuni: ya huda laka da shi, ya sa irin albasar, ya danne. Yari ya wayi gari yatsun sun ƙi rufuwa, sai hantsi ya dubi ludayi suke saki. Daga baya suka kumbura, dama da hagu, wuyan hannu ya bi sahu. Ya sha saiwoyin sanyi, ya sayi ƙwayoyi a kasuwar Jega, abin yana lafawa yana dawowa. Da ya gaji sai ya zaga katanga.

Ɗalha ya latsa, ya saurara da yatsunsa, bai ji karaya ba, bai ji tsagewa ba. To amma mutum ne da duk abin da ya kumbura a gabansa magani ɗaya ya sani, a hana shi motsi. Ya ce tsohon targaɗe ne laka ta tayar. Ya shafa man shanu, ya jera karare, ya ɗaure hannayen biyu tamau. A al'adar gidansu kuwa, abin da maɗori ya ɗaure shi kaɗai ke kwancewa, kuma ba a yi masa gaggawa. Wata ya mutu, wani ya tsaya ya raba, Yalwa matar Yari tana ba mijinta tuwo a baki, sannan aka kwance.

Ranar da aka kwance ɗin, da azahar, suka tsaya sahu ɗaya kamar kullum. Da aka zauna tahiya, Ɗalha ya saci kallo, Allah ya yafe masa. Yatsun sahun duk sun tashi. Hannun Yari yana kan gwiwarsa a shimfiɗe, kafaɗarsa tana rawa, jijiyar wuyansa ta miƙe, amma ɗan'alin yana kwance cikin 'yan'uwansa.

Bayan an sallame suka zauna gindin dogonyaron ƙofar masallaci. Yari ya juyo ya dubi Ɗalha.

"Ka tuna ranar da Baba yac cika?" ya ce. "Kana ɗakin."

"Ina ɗakin."

"Magana ta ɗauke, ido ya kahe, amma ɗan'alinai na sama. Da shi yat tahi. Tun rannan nika roƙon Allah shi ba ni irin wagga tahiya." Ya ɗora hannun a cinyarsa ya dube shi. "Noma na yahe, Ɗalha. Tuwo ko a baki ana ba ni. Wanga guda ɗai nika so ka maido min."

"Allah zuciya shika dubi, ba yatsa ba. Tambayi Liman."

"Na sani. Ai ba Liman ka son abin ba, ni ka son shi."

Tun daga nan zama ya gagari Ɗalha. Ya shiga gida ya fito, ya zauna zaure ya miƙe. Aka kawo masa wani mahauci da sa ya taka, ya ɗora ƙafar hankalinsa yana bayan katanga. Ya kai Yari turare, ya kai shi gashi, ya sake shafa man shanu, abin banza. In ya ji Yalwa tana jan ruwa sai gabansa ya faɗi, don ya san yanzu ita ce hannun gidan nan, har ɗaurin wando. Ba ta taɓa gaya masa baƙar magana ba, gaisuwarta ma ba ta ragu ba, kuma wannan ya fi komai cinsa.

Salima ce ta fasa ƙwan. Ita ce 'yar Yari ta fari, tana aure a Liba, wajen Maiyama. Ta zo ta ga hannun ubanta, ta yi kukanta ta share, sannan ta shigo zauren Ɗalha ta durƙusa.

"Baba Ɗalha, mu kai shi asibiti Jega."

Ba ƙaramar magana ta yi ba. A Aliero a ɗauki ciwon ƙashi a wuce ƙofar maɗori a nufi asibiti, kamar an tsaya tsakiyar kasuwa an ce hannunsa ya mutu ne. Balle maƙwabcinsa, balle wanda shi ya ɗaure.

"Shi yac ce?"

"Shi ba shi cewa, Baba. Ya ce ko ruɓewa hannun zai yi, ba shi kunyata ka."

Ɗalha ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya ce ta tashi ta tafi, ya ji. Wanzami ba ya son jarfa, gaskiya ne, amma ranar kasuwar Jega shi da kansa ya sa wa Yari hula, ya tallafe shi ya hau gaban a-kori-kura mai lodin albasa. Masu zaman tasha suka bi su da ido. Wani mai bakin tsiya ya ɗaga murya ya ce, "Maɗori, ina zuwa da mai hannu?" Ɗalha ya ce, "Inda anka hi ni," ya ja ƙofar mota.

Lokacin ba a daɗe da yanke Kebbi daga Sakkwato ba, ana ta turo sababbin ma'aikata ko'ina. Likitan da suka tarar saurayi ne siriri, sunansa Imrana, gemunsa ma bai gama haɗuwa ba. Ɗalha ya dube shi ya ce a ransa, wannan ko ƙashin kaza ya taɓa ɗorawa? Likitan ya ɗauki hannayen Yari ya ɗora a kan nasa, ya bi gaɓɓan yana latsawa a hankali. Irin latsawar ta sa Ɗalha ya gyara zama.

"Baba, hannu ɗaya ya fara ko duka biyun?"

"Tare sunka tashi, awa tagwaye."

"Da safe ya fi tsanani ko da yamma?"

"Da sahe. Sai hantsi su saki."

"In ka yi aiki da su fa, ƙaruwa yake ko sauƙi?"

Yari ya yi tunani. "Wallahi in na motsa sauƙi nika ji."

Likita ya duba gwiwar hannu, ya sami wani ɗan ƙullutu mai tauri. Ya duba yatsun ƙafa, ya ja fatar idon Yari ƙasa, ya daɗe yana kallo. Ya sa aka ɗebi jini. Sannan ya ce ciwon gaɓa iri-iri ne, mutane ne ke haɗa su a suna ɗaya su ce sanyi. Akwai na tsufa, mai kama gwiwa da ƙugu, wanda aiki ke tayarwa hutu ya kwantar. Akwai mai faɗa wa babban yatsan ƙafa farat ɗaya ya yi ja, wanda ya fi son masu cin nama. Na Yari ba ko ɗaya ba ne. Amosanin gaɓɓai ne, irin wanda jiki da kansa yake juya wa gaɓɓansa baya yana cinsu, shi ya sa yake kama dama da hagu daidai.

"Amma wannan sandarewar ba ta ciwon ba ce kaɗai," ya ce. "An ɗaure hannun nan?"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yari ya buɗe baki zai yi wata kwana, Ɗalha ya riga shi.

"Ni na ɗaure. Maɗori ni ke, daga Aliero."

Likita bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi wa Ɗalha sauƙi. "Baba, karaya zama take so, kun fi mu sanin wannan. Shi kuwa wannan ciwo motsi yake so. In ya yi zafi a hutar da gaɓa kwana kaɗan, amma in aka daɗe sai ta daskare a inda aka bar ta."

Ya juya ga Yari ya tambaye shi abin da yake sha. Yari ya nuna aljihu da haɓa, Ɗalha ya zaro ƙullin leda: ƙwayoyi ja da rawaya, da wasu farare ƙanana, haɗin mai tallar magani na bakin kasuwa. Likita ya tambayi kalar bayan gidansa. Yari ya sunkuyar da kai ya ce baƙi ne, ya kwana biyu a haka.

"Jini ne," in ji Likita. "Waɗannan suna kashe zafi, amma suna cin ciki, balle a sha su ba abinci. Sun riga sun yi maka rauni, jininka ya yi ƙasa. In ka koma musu, ba hannun ne zai kai ka ba, su ne." Ya jefa ledar a aljihun tebur. Ya rubuta maganin ciki da na ƙarin jini, da mai rage zafi marar kaifi, da kuma kulorakwin. Yari ya ce ai shi ba zazzaɓi yake ba. Likita ya ce ya sani, yana kwantar da irin wannan ciwo, sai dai mai nawa ne, sai an yi watanni ana sha.

"Likita," in ji Yari, "ɗan'alinga hwa? Shina tashi?"

Likita ya sake kama yatsan, ya ɗaga shi daga tushe, ya saki. "Wasu gaɓɓan sun haɗe, ba zan yi maka ƙarya ba. Wannan akwai sauran rai. Ruwan ɗumi kowace safiya, sannan a motsa shi a hankali, sama da ƙasa, iyakar inda zai iya jurewa. Yana bukatar mai haƙuri da sanin gaɓa." Ya dubi Ɗalha. Ɗalha ya matso, ya ce a nuna masa.

Haka mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana ƙashi motsi ya koma koyon motsa shi. Kowace safiya, rana na ɗagowa, za ka ga Ɗalha ya zaga katanga da kwanon sha cike da ruwan ɗumi, masu karaya suna jiransa a zaure suna tsaki. Ya tsoma hannun Yari har fatar ta yi laushi, ya kife akushi, ya shimfiɗa hannun a bayansa. Ya ɗaga yatsan, ya sauke, ya murza tushensa, ya sake ɗagawa. A ƙarshe ya janye nasa hannun ya ce, "To, kai ɗai." Suna da ma'auninsu: abin da zai iya wucewa ƙarƙashin kan yatsan ba tare da ya taɓa shi ba.

Kwanakin farko babu abin da ya wuce, sai ihu. Yari yana salati, yana zagin kakannin masu ɗori, Yalwa tana leƙowa daga madafa. Da ihun ya yi yawa sai hannun Ɗalha ya mutu, ya ce a bari sai gobe, ya koma gida ya kasa karyawa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma ba su faɗi yadda mai jira yake ƙarewa ba.

Can sai abin ya sauya. Ihun ya ragu, ya zo ya ɗauke. Ɗalha ya murza iyakar murzawa, Yari yana ba shi labarin farashin albasa. Wata safiya tsinken tsintsiya ya wuce ƙarƙashin yatsan. Yari ya ƙwala wa Yalwa kira ta zo ta gani, ta rangaɗa 'yar guɗa a hankali don kunya. Bayan tsinke sai ganyen albasa ya wuce.

"Saura mi?" in ji Ɗalha, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Saura karanka na tsiya. Ranar da karan ɗori yaw wuce, na yahe maka."

"Ashe ba ka yahe ba?"

"Ina dalili? Ka ɗauka banza za ka sha?"

Ɗalha ya koma cin tuwonsa har da neman ƙari. Ya riƙa gaya wa mutane cewa yaron likitan nan ya san abin da yake yi, kulorakwin ta kama. Ya ga Yari yana ƙara fari, yana haki in ya taka zuwa masallaci, amma idonsa yana kan yatsa, bai ga mutumin ba.

Ranar da abin ya fashe, yana tsakar ɗaure wa wata mata hannu ya ji Yalwa tana kiran sunansa ta kan katanga, ita da ba ta taɓa kiransa ba sai da Malam. Ya tarar da Yari a durƙushe bakin rariya, ya amayar da jini baƙi ƙirin. Da suka ɗaga shi, ƙullin leda ya faɗo daga naɗin hularsa. Ja da rawaya, da farare ƙanana.

A Jega aka ƙara masa jini, na Ɗalha da na mijin Salima. Likita Imrana ya fito da Ɗalha baranda ya ce raunin cikin ya yi zurfi. Jinin ya tsaya yanzu, amma zai iya ɓallewa kowane lokaci. Aiki ne sai babban asibiti a Sakkwato, kuma bai ga jikin da zai ɗauki wuƙa ba. Duk da haka ya ce a gwada. Yari da aka gaya masa ya ce shi kam gida, a ɗakin da ubansa ya cika.

Ɗalha ya jira Salima ta fita wanke kwano, sannan ya tsaya a kan gadon. 

"Wa yas sawo maka?"

"Wani ɗan kamasho. Bai san an hana ni ba, kak ka ɗora mai."

"Yaushe kaka sha?"

"Da asuba. Kahin ka zo da ruwa."

"Ba ka ci komi ba? Yari, kana da hankali? Ba a gabana anka hwaɗa maka ba? Don mi?"

Yari ya juyo da kai a kan matashi. Leɓɓansa sun yi fari fat. "In ban sha ba, ihu nika yi. In na yi ihu, kai ka bari. Na san ka tun muna tsirara, ba ka iya jin kukana. In ka bari, yatsa ya kwanta." Ya numfasa. "Kuma na gaji da jin takunka bayan katanga, kana kai da kawowa awa kazar da za ta yi ƙwai."

Ɗalha ya juya. Ya fita ya tsaya bayan ɗakin, inda ake shanya zannuwan gado, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar mutuwar ubansa.

Da aka dawo da Yari gida, Ɗalha ya daina kai ruwa. Yakan shiga ya gaishe shi, ya zauna can bakin ƙofa, ya ƙi kallon hannun. Ya rantse a ransa ba zai ƙara taɓa shi ba. Sau biyu hannunsa yana cutar da mutumin nan, da ɗauri da kwancewa, ya isa. Amma zama bai karɓe shi ba. Ya je fadama ba abin da ya kai shi, ya tarar an soma sabon dashe, mutane a duƙe suna huda laka da yatsa, ya juyo. Ya ɗauki kwanon ruwan ya ajiye ya fi a ƙirga.

Wata safiya Yalwa ta yi sallama a zaurensa, abin da ba ta saba ba. Kwano ne a hannunta, yana tururi.

"Malam, ya ce ka zo. Jinin ya dawo tun asuba." Muryarta ba ta rawa, idonta ne ya kumbura. "Na ce a nemo mota, ya ce ruwan ɗumi shika so."

Ɗakin yana warin ƙarfe da turaren wuta. Yari yana kwance a gefen dama, an juya shi gabas, Salima tana riƙe da kansa. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Akushin yana kife a gaban shimfiɗa, an riga an ajiye.

"Sarkin karare," ya ce, da ƙyar ake ji. "Ka yi yaji?"

"Ba ni taɓa ka, Yari."

"Ka ɗaure ba da shawarata ba, yanzu ka ƙi kwancewa? Abin da maɗori yaɗ ɗaure, wa ka kwance shi?"

Ɗalha ya durƙusa. Ya karɓi kwanon daga hannun Yalwa, ya tsoma hannun a ciki. Sanyinsa ya ba shi tsoro. Ya riƙe shi cikin ruwan yana shafawa har ya ɗan yi ɗumi, sannan ya ɗora shi a bayan akushi. Kwanakin da aka yi ba motsi sun ci rabin aikin, yatsan ya sake nauyi.

"Yau babu ƙwaya," in ji Yari. "Zan yi ihu."

"Yi ihunka. Ba ni bari."

Ya ɗaga, ya sauke, ya murza tushen. Yari bai da ƙarfin ihu, wani siririn nishi ne yake fita, hawaye yana bin gefen hancinsa. Salima ta ce, "Baba Ɗalha, don Allah," uwarta ta dafa ta ta yi shiru. Ɗalha ya ci gaba, haƙoransa a cije, yana jin kowane nishi a cikin nasa ƙashin. Ya sake tsoma hannun, ya sake ɗorawa. A hankali gaɓar ta soma ba shi hanya.

Sai numfashin Yari ya sauya, ya koma ja da tsayawa. Ɗalha ya sha zama a kan masu tafiya, ya san wannan numfashi. Ya sunkuya daidai kunnensa ya soma karanta kalmar shahada, ba da ƙarfi ba, yadda ake yi. Leɓɓan Yari suka bi shi. Hannun yana kan akushi, yatsan yana rawa, bai tashi ba.

Ɗalha ya kasa jurewa. Ya zura nasa yatsan a ƙarƙashi, ya ɗaga masa.

Idon Yari ya buɗe. "Ɗebe," ya ce.

"Yari..."

"Ɗebe hannunka. Ni ɗai."

Ɗalha ya janye. Ya haɗa hannayensa biyu ya matse su tsakanin gwiwoyinsa don kada su koma. Ya ci gaba da karantawa, Yalwa da Salima suka kama masa. Kafaɗar Yari ta motsa. Jijiyar bayan hannun ta miƙe ƙarƙashin fata. Ɗan'alin ya rabu da 'yan'uwansa, ya bar bayan akushi, ya wuce tsinke, ya wuce ganyen albasa, ya ƙara kaɗan, ya tsaya yana kallon gabas. Karan ɗori zai wuce, har da saura. Ba wanda ya tashi neman kara.

Numfashin ya fita, suka jira na bayansa, bai zo ba.

Yalwa ta ja mayafi ta rufe fuskarta tana salati. Salima ta shafa idon ubanta ta rufe. A waje wata mota mai lodin albasa ta wuce, wani yana sallama a zauren Ɗalha yana tambaya ko maɗori na nan. Ɗalha bai motsa ba. Yatsan yana nan a sama yadda mai shi ya bar shi, da sauran ruwan ɗumi a jikinsa. Ɗigo ɗaya ya taru a kansa, ya yi nauyi, ya sauka a bayan akushi.